Kurakuran da ke rusa ƙungiyoyin raya kiɗa da rawar gargajiya

Na gaji da ganin samari sun kafa ƙungiyar raya al'adu, an ɗinka anko, an yi wasa biyu, kafin shekara ta zagayo kowa ya kama gabansa. Kuma duwatsun da suke tuntuɓe da su, su ne muka yi tuntuɓe da su tun farko.

Mafi muni shi ne ɗaukar makaɗin gado tamkar ɗan sa-kai irinka. Kai kana da albashi ko shago, sha'awa ce ta kawo ka. Shi kuwa gangar da ke rataye a kafaɗarsa ita ce gonarsa, da ita yake ci da iyali. Mun taɓa gayyato wani dattijo mai gangar noma daga ƙauye, shi da yaransa huɗu. Kuɗinmu suka ƙare a rumfa da kujeru da lemon manyan baƙi. Da aka tashi, ma'ajinmu ya tattara liƙin da jama'a suka yi wa makaɗan ya zuba a asusun ƙungiya, ya miƙa musu kuɗin mota. Dattijon bai ce uffan ba, ya saɓa gangarsa ya tafi. Shekara uku muna aike, bai sake zuwa ba, makaɗan yankin ma duk suka juya mana baya, don magana ba ta kwana a tsakaninsu. Allah ya yi masa rasuwa ba mu ɗauki ko take ɗaya daga hannunsa ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Ku ji da kyau: liƙi na makaɗi ne, kada hannun ɗan ƙungiya ya taɓa shi. Shugabansu ya san yadda zai raba wa 'yan amshi da sanƙira, wato maroƙin da ke yi musu shela. Ni yanzu da ƙafata nake zuwa gidan mutum da goro, in gaishe shi da "Baba", mu yanke sallama, in ba da rabi tun kafin ranar. In kuɗi ba su kai ba, a rage kujeru.

Na biyu, cakuɗa kiɗa. Wannan kam rashin tambaya ne, kuma abin kunya ne ga mai cewa yana raya al'ada. Kalangu an san shi da mahauta, gangar noma ta manoma ce da 'yan hoto masu wasan nuna ƙarfi da garma, kotso da taushi na makaɗan fada ne, shantu da kiɗan ƙwarya na mata. Tambari da kakaki kayan sarauta ne, ba a fito da su don samari su taka. Ganga magana take yi, kowane take da mai shi. Na ga inda wani yaro ya kaɗa taken 'yan tauri don ya ji daɗinsa a kunne, sai ga mutane sun tsuma sun zaro wuƙaƙe a tsakiyar yaran makaranta. Kafin ku koyi kowane kiɗa, ku tambayi mai shi: na wa ne, yaushe ake yin sa? Kuma ku daina kiran duk rawar da aka ɗaura kacau-kacau a ƙafa da sunan koroso.

Ku sanar da mai unguwa tun da wuri, ku tsayar da kiɗa da zarar an kira salla. 'Yan mata kuwa, sai da yardar iyaye, kuma a mayar da su gida kafin magariba.

Kada a jingine ganguna a ƙasa da damina, fata takan saki ta yi fumfuna. Ni a bango nake rataye su. Goge da kukuma a sa su a jaka, ƙwarya ce da izgar doki, ba sa jure wurgi. Lasifika mai arha tana kashe muryar gurmi, gara a matso da 'yan kallo kusa.

Duk abin da kuka ɗauka a waya, a daren ranar ku kwafe shi wuri biyu, ku rubuta sunan makaɗin da garinsa da sunan taken.