Kurakuran da masu tsara sufurin haidurojin suka ƙi daina maimaitawa

Idan ka karanta daftari ɗaya na tsarin ƙasa kan motocin haidurojin, wato gas ɗin da ake son ya maye gurbin fetur da dizal, tamkar ka karanta goma ne. Shafin farko taswira ce cike da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo tashar cika gas, ga shekarar kammalawa a ƙasa. Na gaji da rubuta gyara iri ɗaya a gefen takardun sababbin shiga, shi ya sa na tara su a nan.

Babban kuskure shi ne a fara da ƙidayar tashoshi, a ce motoci za su biyo baya. Ba sa biyowa. Japan ce ta fara fitar da cikakken tsarin haidurojin na ƙasa a 2017, da burin motoci 40,000 zuwa 2020 da 200,000 zuwa 2025. Tashoshi sama da 150 sun tsaya da ƙafarsu, amma motocin ko 10,000 ba su kai ba har 2023. Wannan fa ƙasar da ta ƙera motar haidurojin ta Toyota Mirai ce tun 2014. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Denmark kamfanin Everfuel ya rufe tashoshinsa a 2023, Shell kuma ya rufe na ƙananan motoci a Kalifoniya a farkon 2024.

Ku ɗauki biro ku yi lissafin da kanku. Ƙaramar mota tana ɗaukar kusan kilo 5, tana cin kamar kilo 1 a tafiyar kilomita 100. Tashar da aka gina don sayar da tan 1 a yini tana buƙatar motoci 200 su shigo kullum, alhali mai mota ɗaya sai ya yi mako ko fiye bai dawo ba. Dubban motoci ke nan kafin tasha guda ta riƙe kanta. Bas ɗin haya kuwa yana shan kilo 20 zuwa 30 a yini, kuma kowane dare wuri ɗaya yake kwana. Bas 40 sun isa. Saboda haka ni ba na yarda a sa ɗigo a taswira sai na ga takardar yarjejeniya da mai motocin da zai sha gas ɗin: kamfanin bas, ko manyan motocin da ke kai da kawowa tsakanin tashar jiragen ruwa da rumbun ajiya. Haka aka yi da manyan motocin dakon kaya na Hyundai Xcient a Suwizalan tun 2020, an fara samun masu dakon kaya ne tukuna. Wasu abokan aikina na ganin na cika tsauri, suna cewa babu wanda zai sayi mota bai ga tasha ba. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce ta barin ƙananan motoci zuwa gaba, ba ta zuba kuɗin jama'a a famfon da babu mai taɓawa ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau yake ƙona mini rai. Akwai wani aikin bas-bas da na ba da shekaru a kansa. Hukumar da ke riƙe da kuɗin ta sa hannu kan sayen motoci da gina tasha, ta ce maganar kawo gas da gyaran injuna a bar ta zuwa kasafin baɗi. Mun yi magana, mun rubuta, ba a ji ba. Masana'anta ɗaya ce ke ba mu gas, injin matse gas ɗaya ne a tashar. Da ya tsaya, sai da aka jira kayan gyara daga wata ƙasa, sababbin motoci na jere a gareji, aka fito da tsofaffin masu shan dizal. Daga nan babu wanda ya sake son jin kalmar haidurojin a garin, kuma matasan da muka horar suka watse. Haba jama'a! Ba a fafe gora ranar tafiya. Haidurojin ba ya zuwa da sauƙi irin na fetur: tirelar da ke ɗaukarsa a matse ɗaruruwan kilo kawai take kawowa, in kuwa a ruwa-ruwa ake so sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. Kafin ya shiga tankin mota sai an matse shi, an kuma sanyaya shi zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri. Kowane mataki inji ne mai lalacewa. Ko Koriya ta Kudu, da ta yi nisa a harkar, ta ga dogayen layuka a Nuwamban 2023 saboda matsala a masana'anta guda a Dangjin. Al'adata yanzu ita ce mai kawo gas biyu, injin matsewa biyu, kuɗin gyara na shekara 10 a cikin kasafin farko. In babu, ban sa hannu.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani, amma ina ganinsu kullum.

Ana ƙin gwada haidurojin da batir kafin a yanke shawara. Samar da kilo 1 daga ruwa yana cin lantarki sama da kilowat-awa 50, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke isa ga taya, alhali mota mai batir tana amfana da fiye da kashi 70 cikin 100. Birnin Montpellier na Faransa ya soke sayen bas 51 a 2022 da ya yi wannan lissafi, jihar Lower Saxony ta Jamus ma, wadda ta fara jiragen ƙasa na haidurojin, ta karkata ga batir a 2023. A ware wa haidurojin hanyoyin da batir ya gaza kawai.

Ana rubuta "makamashi mai tsabta" ba a faɗi tushen gas ɗin ba. Kusan duk haidurojin duniya daga iskar gas da gawayi yake fitowa, kuma kowane kilo daga iskar gas yana sakin kusan kilo 10 na hayaƙin kabon.

Ana mantawa bas yawanci gas mai matsi 350 a ma'aunin "bar" yake sha, ƙaramar mota kuwa 700. A rubuta matsin a takardar kwangila.

Ana kwafo dokar Tarayyar Turai ta 2023, wadda ta ce tasha a kowane kilomita 200 a manyan hanyoyi zuwa ƙarshen 2030, ba tare da duba ko hanyoyin ƙasar na da irin wannan zirga-zirga ba.

Kuma a sa masu duba haɗin tankuna da 'yan kwana-kwana cikin tsarin tun farko. Fashewar tashar Sandvika a Norwe a 2019 daga marfi ɗaya da ba a ɗaure daidai ba ta taso, ta kuma sa aka dakatar da sayar da motocin a ƙasar na ɗan lokaci. Harshen wutar haidurojin da ƙyar ido ke ganinsa da rana, don haka a saya wa masu kashe gobara kyamarar gano zafi kafin a buɗe tashar farko.