Yadda za ka yi cajin motar lantarki a Accra ba tare da ka kwana a hanya ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na fara jan motar lantarki duk inda na faka, ko ƙofar masallaci ne a Nima ko bakin kasuwar Mamobi, sai wani ya leƙo ta taga ya ce Alhaji to in batir ya ƙare fa, ina za ka sha wuta? Tambayar tana kan hanya wallahi, don masu sayar da motocin nan ba sa tsayawa su yi wa mutum bayanin caja, su dai kuɗi ya shiga. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na koya, musamman saboda yaranmu masu Bolt da Uber da suke ta tara kuɗi don su huta da tsadar fetur.

Kafin ka biya ko sisi, buɗe murfin wurin caji ka kalli bakin da kyau, ka ɗauke shi hoto. Mu nan Ghana motocinmu daga ko'ina suke shigowa ta Tema kuma kowace ƙasa da irin bakinta. Wadda ta zo daga Turai yawanci CCS2 ce, ta Amurka CCS1 ko kuma bakin Tesla, tsohuwar Nissan Leaf tana da CHAdeMO, wadda aka ƙera don kasuwar cikin China irin su BYD da ake ɗaukowa kai tsaye daga can kuma GB/T ce. Ba wanda yake shiga na wani. Akwai adafta amma ta caja mai sauri tana da tsada sosai kuma ba kowace caja ce take yarda da ita ba, wani lokaci ka jona komai ya zauna daidai amma mota da caja su ƙi gaisawa. Don haka ka ce wa dillali ku je tare a jona motar a cajar da ta fi kusa da gidanka, ka ga lamba tana hawa da idonka. In ya fara kame-kame toh ka riƙe kuɗinka.

Sai ka gane lissafin wutar. kW shi ne ƙarfin zubowa, kWh kuma yawan abin da ya shiga, kamar ƙarfin famfo da girman tanki. Misali batirinka 40 kWh ne, kana so ka tashi daga kashi 20 zuwa kashi 80, kenan 24 kWh kake nema, a cajar 50 kW wajen minti 30 zuwa 40 zai ɗauka. Ko an rubuta 120 a jikin caja kar ka yi murna tukuna, motar ce take yanke iya abin da za ta karɓa. Kuma da ka wuce kashi 80 za ka ga saurin ya faɗi ƙasa warwas, motar ce take kare batirinta, to dan Allah a nan ka cire ka ba na bayanka, tsayawa sai ta kai 100 ɓata lokacinka ne da na mutane. Zafi ma yana rage sauri, musamman Leaf da ba ta da abin sanyaya batir, in ka yi gudu da rana tsaka ka zo ka jona, sannan ka sake jonawa a wannan ranar, za ka ga tana sha a hankali. Ni da sassafe bayan asuba ko da dare nake zuwa, layi ma babu.

Maganar kuɗi kuma, kar ka jona sai ka tambaya: da kWh ake biya ko da minti? In da minti ne kuma motarka mai shan wuta a hankali ce kai ne da asara. Ƙaramar mota da AC a kunne tana cin wajen 15 zuwa 18 kWh a kilomita 100, to ka ninka wannan da farashin da suka faɗa maka, sannan ka kwatanta da kuɗin lita 7 ko 8 na fetur da irin wannan motar za ta sha a wannan nisan. A ce sun ce maka sidi 5, misali kawai na bayar, 16 sau 5 sidi 80 kenan. Cajar waje dole ta fi ta gida tsada, don mai wurin ya sayi inji da dala, ya ja babbar waya, yana biyan haya da mai gadi, kuma ECG, kamfanin wutar lantarki, ba farashin gida take caje shi ba. PURC, hukumar da ke tsayar da farashi, ma takan sauya kuɗin wuta, don haka farashin da abokinka ya faɗa maka wata uku da suka wuce kar ka ɗora lissafinka a kai. Ka tabbatar akwai kuɗi a MoMo ɗinka da data a waya tun daga gida, wasu cajojin sai da manhajarsu suke tashi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Gwamnati ta ƙaddamar da tsarinta na motocin lantarki a taron sauyin yanayi na COP28 a Dubai a watan Disamba 2023, amma cajoji masu sauri har yanzu ba su da yawa, kuma yawanci suna manyan unguwanni, ba a zango ba. Wata rana na dawo daga Madina da kashi 11, waya ta nuna min caja a buɗe take, na isa na tarar allon baƙi ƙirin. Mai gadin ya taso daga bencinsa ya ce Alhaji tun la'asar layin wuta ɗaya ya faɗi, ga fitilun shago a kunne amma injin sai layi uku sun cika yake aiki. Na kashe AC na sauke gilashi na lallaɓa zuwa wuri na biyu, can kuma wata motar fetur ce ta toshe wurin, sai da aka nemo mai ita. Tun daga ranar ba na barin batir ya sauka ƙasa da kashi 30 ban nemi caja ba, kuma kullum ina da wuri biyu a raina. Ka karɓi lambar mai gadi ko yaron wurin, ka riƙa gaishe shi da ɗan na ruwa, kiransa ya fi kowace manhaja faɗin gaskiya. Manhajar PlugShare mai nuna wuraren caji ma tana taimakawa amma ka duba ranar da mutum na ƙarshe ya rubuta cewa ya yi caji.

In ka jona ta ƙi tashi kar ka gudu nan take. Duba jan maɓallin gaggawa, sau da yawa wani ne ya danna ya tafi, murɗa shi kawai za ka yi ya fito. Cire kan, kashe motar, kulle ka buɗe, sake turawa da ƙarfi ka tallafe shi da hannu har ka ji ya kama, don wayar tana da nauyi tana jan shi ƙasa. Kan da ya tsage ko ya yi baƙin ƙuna kuma kar ka sa a motarka ko da kyauta ne.

Tafiyar Kumasi wajen kilomita 250 ce, ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw da Konongo, kuma gudun babbar hanya ya fi yawon cikin gari cin batir, ga AC ga kaya ga iyali. Nisan da allon mota ya nuna maka batir zai kai, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu. Ka tashi da 100, ka kira inda za ka tsaya tun ana gobe kuma ka sake kira da safe, sannan wayar cajin gida ta kasance a but. Soket ɗin gida yana ba da wajen 2.3 kW, kusan kilomita 12 zuwa 15 a kowace awa, kwana ɗaya a Aboabo wurin dangi zai ƙara maka fiye da kilomita 100, amma ka saya musu kiredit na mita, kuma ban da jona wa ƙaramar wayar ƙari ta kasuwa, narkewa take yi.

Wanda ke gidan haya na zango mai mita ɗaya shi ya fi ba ni tausayi, don ranar da ka jona mota a mitar gida ranar rigima za ta fara da maƙwabta. Ka zauna da mai gida tun kafin motar ta iso, ka nemi mitarka daban a ECG, ka kawo mai aikin wuta da ke da takardar Energy Commission ya ja maka layi na musamman mai waya mai kauri da ta ƙasa, in da hali ka sa cajar bango mai 7 kW wadda take cika batir 40 kWh cikin awa shida ko bakwai. In kuma layinku mota ba ta shiga, ka yi magana da inda kake ajiye ta da dare a sa mitar a can.