Hutun amarci a tsibiri: yadda ake shirya shi daga Bauchi ko Gombe

Kuskuren da ya fi cin kuɗin angwaye a wannan tafiya shi ne fara biyan kuɗin ɗaki. Ango ya ga hoton ɗakin katako tsaye a cikin ruwa, amarya ta ce ya yi mata, sai ya tura kafin alƙalami, daga baya ya waiwayi takardu. Shirin da ke tafiya daidai da takardu yake farawa, sannan zaɓen watan tafiya, sannan jirgi, ɗaki ya zo a ƙarshe. A ba shi wata huɗu kafin ɗaurin aure. Mai wata biyu kacal a hannu gara ya ɗaga tafiyar zuwa bayan biki da 'yan makonni.

Wurare biyu ne suka fi dacewa da mutanenmu: Zanzibar a Tanzaniya, da tsibiran Maldives a tekun Indiya. Duka biyun ƙasar Musulmi ce. Bambancinsu na farko a biza yake. Maldives tana ba kusan kowane baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin yana da tikitin dawowa da shaidar kama ɗaki, kuma ya cike fom ɗin IMUGA na hukumar shige da ficensu a intanet cikin awa 96 kafin ya sauka. Tanzaniya kuwa ta sa Najeriya cikin ƙasashen da sai an tantance takardunsu tukuna, don haka mai koren fasfo ba ya samun biza a filin jirgi. A intanet ake nema, hukumar shige da ficensu ta ce a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya tikiti sai amincewa ta fito. Ban da biza, tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon ƙasar waje mai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin, dala 44 kowane mutum, ko da yana da wata inshorar.

Fasfon amarya shi ne abin da ya fi makara, domin sau da yawa ba ta da shi, kuma kunya takan hana a yi maganar da wuri. A bi ta hannun yayarta ko gwaggonta a fara nema tun ana haɗa lefe. Sunan da ke fasfo ya yi daidai da na NIN, kuma da wannan sunan za a yanki tikiti, harafi da harafi. Kada ango ya liƙa sunansa a tikitinta don an ɗaura aure. A kantar filin jirgi za a tsayar da ita. Mai tsohon fasfo ya duba ya ga saura aƙalla wata shida. Sai katin rigakafin shawara, wanda ƙasashen biyu ke tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma, kuma ba a yi wa mai juna biyu, saboda haka amarya ta yi tata tun kafin biki. A karɓi takardar shaidar aure mai hatimi da kwanan wata. Da ita otal ke ba da rangwamen amarci, kuma yawancinsu suna iyakance shi ga wata shida ko shekara ɗaya daga ranar ɗaurin aure.

Wata yana da muhimmanci fiye da sunan otal. A Zanzibar babbar damina daga Maris ce zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, da iska mai sanyi. A Maldives rani daga Disamba ne zuwa Afrilu, daga Mayu zuwa Oktoba kuwa ruwa da iska, teku kan yi fushi, farashi ya sauko. Wato bikin da aka yi a Agusta ya fi dacewa da Zanzibar, na Fabrairu da Maldives. Bukukuwanmu da yawa a Disamba suke faɗawa, kuma daga wajen 20 ga watan zuwa makon farko na Janairu shi ne lokacin da ɗaki ya fi tsada a shekara. Otal-otal da dama sukan ƙara kuɗin liyafar Kirsimeti da ta sabuwar shekara a kan kowane baƙo, ya je ko bai je ba. Haƙurin mako biyu zuwa tsakiyar Janairu yana rage kuɗi sosai. Ko ba don farashi ba, kada a tashi washegarin kai amarya. Bayan kamu da walima da buɗar kai jiki ya yi laushi, dangi na nesa ba su watse ba, kuma akwai iyaye da za a je a gaisar. Jinkirin kwana biyar zuwa mako guda ya isa. Amarya ta lissafa kwanakin al'adarta ta sanar kafin a tsayar da rana.

Daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Lawanti, sai an biya ta Abuja ko Kano. Ethiopian Airlines na kai wa Zanzibar ta Addis Ababa, Qatar Airways na kai wa Malé, babban birnin Maldives, ta Doha. A isa Abuja kwana ɗaya kafin tashi. Jiragen cikin gida sukan ɗaga lokaci, kuma tunda tikitin daban ne, idan babban jirgi ya tafi ya bar ku babu wanda zai biya asarar.

A Maldives sauka a filin jirgin Velana na Malé ba isowa ba ce, domin kusan kowane babban otal tsibirinsa daban. Na kusa ana zuwa da jirgin ruwa mai gudu, na nesa da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Wannan ƙaramin jirgi da rana kawai yake tashi. Wanda ya sauka bayan wajen ƙarfe uku da rabi na yamma yakan kwana a kusa da filin jirgi da kuɗinsa, alhali ya riga ya biya daren farko a can tsibirin. Kayan da yake ɗauka kilo 20 ne da jakar hannu ta kilo 5, kuma kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne ga kowane mutum, galibi ba ya cikin farashin ɗaki. Saboda haka akwatin lefe ya zauna a gida. A aika wa otal lambar jirgi da lokacin sauka kafin a biya tikiti, su tabbatar a rubuce cewa za su iya ɗauko ku a ranar.

Farashin da ake gani a allo ba shi ne abin biya ba. Idan an ga alamar ++ a gaban kuɗi, akwai ƙari. A Maldives ana ɗora kashi 10 na hidima, sannan harajin kashi 17 a kan jimillar, sannan harajin muhalli dala 12 ga kowane mutum a kowane dare. Ɗakin dala 500 ya koma 550, ya koma 643.50, da dala 24 ta mutum biyu ya zama 667.50. Kwana bakwai ke nan dala 4,672.50 a maimakon 3,500, ba a sa abinci da jirgin ɗauko ku ba. A nemi jimilla ɗaya a rubuce, a kuma karanta sharaɗin fasawa. Idan ta hannun ejan aka kama, a aika wa otal ɗin saƙo kai tsaye a ji ko sunanku ya shiga littafinsu. A tambayi banki iyakar abin da kati zai iya biya a waje, a riƙe tsabar dala sabuwar bugu mara yagewa, domin tsofaffi ana ƙin karɓarsu. A Zanzibar a canji kaɗan zuwa shilin don kasuwa da tasi.

Tsarin abinci huɗu ne: BB karin kumallo kawai, HB da na dare, FB sau uku, AI komai har abin sha. A tsibirin da babu wani gidan abinci sai na otal, BB tarko ne, kowane kwano da farashin dala. AI kuma kuɗin giya ne ke kumbura shi, mai shan lemo yana biyan abin da ba zai taɓa ba. FB ya fi dacewa, ko a tambaya ko suna da AI marar giya. A saƙon kama ɗaki a ce su kwashe giya daga firij, kada su ajiye kwalbar maraba, su kuma faɗi yadda suke raba naman alade da sauran abinci. Kasancewar ƙasar ta Musulmi bai hana otal ɗin baƙi sayar da su ba.

Wajen zaɓen ɗaki, sutura ce abin dubawa. Ɗakin kan ruwa ya fi kyau a hoto, amma a jere suke, barandar wani na kallon ta wani, masu ninƙaya da kwale-kwale suna wucewa ta gaba. Ɗakin bakin yashi mai katanga da ƙaramin tafkin wanka nasa ya fi rufa wa amarya asiri, kuma sau da yawa ya fi araha. Mai son duka biyun ya yi kwana biyu a kan ruwa, sauran a tudu. A nemi taswirar otal a zaɓi na ƙarshen layi. A Zanzibar a duba gaɓar da otal yake: a Paje da Jambiani, ta gabas, teku kan janye nesa sosai sau biyu a yini ya bar fili da ciyawar ruwa, a Nungwi da Kendwa, ta arewa, ruwa na nan kusan kullum. Wanda iyakar wankansa a Wikki ne, ko bai taɓa shiga ruwa ba, kada ya sauka daga matakalar ɗaki sai da rigar ceto, kuma da takalmin roba saboda ƙayar teku da duwatsun murjani.

Alƙibla a can ba gabas ba ce. A Zanzibar arewa ake fuskanta kusan sak, a Maldives arewa maso yamma. Zanzibar ta riga mu da awa biyu, Maldives da awa huɗu, wasu otal-otal ɗinta kuma suna ƙara awa ɗaya a agogonsu, don haka a bi rana da manhajar waya wajen lokutan salla. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru da isarsa.

Humra da turaren da suka wuce mililita 100 su shiga babbar jaka, a naɗe su da kyau. Kaskon turaren wuta da gawayi kada su bi ku: akwai na'urar jin hayaƙi a ɗaki, rufin kuma sau da yawa na ganyen kwakwa ne. Garin magani da tsimi marasa suna a jiki suna jawo tambayoyin kwastan, kilishi ana iya ƙwacewa, maganin asibiti kuma ya tafi a kwalinsa da takardar likita. Tanzaniya ta hana shiga da leda tun Yuni 2019. Soket irin namu ne mai ƙafa uku a wuraren biyu. Ruwan gishiri da na tafki suna cinye lalle cikin 'yan kwanaki, saboda haka hotunan da ake so hannun amarya ya fito a yi su ranar farko ko ta biyu.