Yadda nake zaɓen tsibirin da ba kowa ke zuwa ba

Karon farko da na kai maiɗakina bakin teku, a Nungwi muka sauka, can ƙuryar arewacin Zanzibar. Hoton da na gani a intanet farin yashi ne da kwalekwale ɗaya, ba kowa. Abin da hoton bai ɗauko ba shi ne kiɗan da aka kwana ana bugawa a maƙwabtan masaukinmu har wajen ƙarfe uku. Bayan sallar asuba ta dube ni ta ce, "Malam, in kiɗa muke nema ai da mun yi zamanmu a gida, biki ba ya yankewa a layinmu." Na yi shiru, don na riga na biya kuɗin kwana huɗu.

Shekara huɗu na yi ina aiki a Dar es Salaam ta Tanzaniya, kuma tun daga tafiyar Nungwi na daina tambayar ko tsibiri yana da kyau. Duk suna da kyau. Abin da nake fara tambaya shi ne yadda ake isa can. In babban jirgi yana tasowa daga Turai ya dire a wurin kai tsaye, to ka san kasuwa za ka. In kuwa sai ka sauka daga babban jirgi, ka hau ƙarami mai cin mutum goma sha wani abu, sannan ka shiga kwalekwale, to kowane sauyi yana zubar da mutane a hanya. Wahalar hanyar ce ke tsare maka shirun.

Da wannan ma'aunin na samo wurare uku da nake komawa: Pemba da Mafiya a Tanzaniya, da Lamu a Kenya.

Pemba tana arewa da Unguja, wato babban tsibirin da kowa ke kira Zanzibar, tafiyar kamar rabin sa'a a ƙaramin jirgi. Larabawa sun yi mata suna koren tsibiri, kuma sunan ya bi ta: tuddai ne da itatuwa ko'ina. Yawancin kanumfarin Zanzibar daga nan yake fitowa. In ka dace da lokacin tsinka, za ka ga an shanya shi a kan tabarmi a bakin titi tun daga Mkoani har Chake Chake, ƙamshin ya cika mota. Abin da muke saya a ƙulli don zoɓo da kunun aya, nan kaji ke ratsawa ta kansa.

Amma ga inda mutane ke yin kuskure. Ba kowane bakin ruwa ne ke da yashi ba. Gefen Pemba da yawa dajin mikoko ne, itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ƙasansu taɓo. Saboda haka kafin ka biya masauki, ka buɗe taswirar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, ka dubi gabansa da idonka. Fari yashi ne, kore mai duhu daji ne. Yashin Pemba mai kyau yana arewa, kamar Vumawimbi da ke bayan dajin Ngezi, inda muka wuni ba mu ga kowa ba sai masunta da shanu, sai kuma ɗan tsibirin Misali da ake zuwa da kwalekwale. Mutanen wurin suna cewa sunan daga msala ne, wato abin salla, wai wani bawan Allah ya taɓa neman darduma bai samu ba, sai ya yi sallarsa a kan tsibirin.

Akwai jirgin ruwa daga Unguja zuwa Pemba, ya kuma fi araha. Ni dai da iyali ba na hawansa da dare, ba na kuma hawan wanda na ga an danƙare. A Satumbar 2011 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a wannan hanyar, mutane masu ɗimbin yawa suka rasu. Ko ƙaramin kwalekwale ne, in ba rigar kariya daga nutsewa, ba na shiga. Yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu iya iyo ba, ba abin kunya ba ne ka faɗa.

Tambaya ta biyu ita ce wata. Daminarsu ba tamu ba ce. Babban ruwan sama, wanda suke kira masika, daga Maris ne zuwa Mayu, kuma masaukai da dama rufewa suke yi. In ka ga farashi ya faɗi warwas a Afrilu, dalilin ke nan. Iska ma biyu ce: kaskazi daga arewa maso gabas, wajen Disamba zuwa Maris, da kusi daga kudu, wadda ta fi ƙarfi, kuma ita ke tayar da teku a tsakiyar shekara. Ni na fi son Satumba da Oktoba, ko ƙarshen Janairu bayan 'yan hutun Kirsimeti sun watse. Lamu kuma tana da nata lissafin, don a watan Maulidi gari cika yake yi da baƙi saboda taron masallacin Riyadha. In taron kake so, ka je, abin gani ne. In barci kake nema, ka kauce.

Sai abin da ba wanda ya gaya mini: teku tana tafiya ta dawo. Sau biyu a yini ruwa yana janyewa, a wasu wuraren har ka hango shi can nesa, ya bar maka duwatsu da ciyawar ruwa da wasu halittu masu ƙaya da ke huda ƙafa. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, don haka kalandar Musulunci da ke bangon ɗakinka ta fi ɗan tallan masauki gaya maka gaskiya. Ka tambayi mai masauki kai tsaye: in ruwa ya janye, ana iya wanka a gabanku? Ka kuma tafi da takalmin roba.

Mafiya, wadda sunanta ba shi da haɗi da 'yan dabar Italiya, tana kudu da Dar es Salaam, daura da inda kogin Rufiji ke zuba a teku. A Kilindoni ake sauka. An mayar da wani ɓangaren tsibirin da ruwansa wurin da hukuma ke karewa tun 1995, kuma duk wanda ya sauka a cikinsa, kamar a Utende, yana biyan kuɗi kowace rana ban da na ɗaki. Ka sa wannan a lissafi, don ni ban sa ba, sai da na rage kwana ɗaya. Daga Utende ake tsallakawa Chole, ɗan tsibirin da ba mota, inda saiwoyin manyan itatuwa suka rungume tsofaffin gine-gine, maƙera jirgi kuma suna sassaƙa katako da hannu. Daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, yana zuwa kiwo kusa da Kilindoni. Ba ya cizo. Daga cikin kwalekwale na kalle shi, hakan ma ya ishe ni.

A Chole na koyi agogonsu, tun ina sabon zuwa. Mai kwalekwale ya ce mini da harshen Swahili "saa tatu", na san tatu uku ne, na zo ƙarfe uku na yamma. Ashe su daga fitowar rana suke ƙirga sa'a, tatu ɗinsa tara na safe ne. Ya jira ni har ya gaji, ruwa ya janye, tafiya ta fasu. Tun daga ranar da salla nake ƙulla alkawari, don kalmomin kusan ɗaya ne da namu: alfajiri, adhuhuri, alasiri, magharibi.

Lamu ba ɓoyayya ba ce kamar waɗancan, UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya tun 2001. Sai dai lungunanta ba sa ɗaukar mota, jakuna ke dakon kaya. Ka sauka a ƙauyen Shela, ka bi bakin ruwa mai tsawon kusan kilomita 12, bayan tafiyar minti ashirin kai kaɗai ne da tuddan yashi. Ka zo ta jirgin sama zuwa Manda, tsibirin da ke fuskantar Lamu, ka tsallaka da kwalekwale. Hanyar mota ta ɓangaren tudu ta sha fama da matsalar tsaro.

Abin da ya sa maiɗakina ta fi son waɗannan wuraren shi ne garuruwan Musulmi ne. Ana kiran salla, ba sai ka yi ta binciken nama ba, matan gari kuma da suturarsu suke shiga ruwa, don haka ba mai kallonta. Abinci shinkafa ce da madarar kwakwa da kifi, sai ugali, ɗan'uwan tuwon masara. Barkononsu bai kai mana ba, kwalbar yaji ba ta barin jakarta.

Shiru yana zuwa da rashi. Na'urar cire kuɗi sai a babban gari, wani lokacin ma ba kuɗi a ciki, don haka ka riƙe shilin, kuɗinsu, a hannu. Wuta tana ɗaukewa. Asibiti ƙarami ne, in kana da mai ciki ko tsoho mai larura, ka zaɓi inda jirgi ke tashi kullum. Ka ɗauki maganin sauro da katin allurar shawara. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida, tana kuma ɗaukar lokaci, kada ka sayi tikiti kafin ta fito.

Kuma kada ka haɗa ranar barin tsibiri da ranar tashin jirginka na komawa gida. Ka bar kwana ɗaya a tsakani. Mun taɓa zama a ɗan filin jirgin Pemba tun hantsi har la'asar muna jiran hadari ya wuce, wani Bature yana ta safa da marwa yana duba agogo don jirginsa na dare, mu kuwa muna cin ayaba muna raba wa yara rogo soyayye.