Yadda zaka saita laftof ɗinka ya riƙa buɗewa da yatsa

Satin da ya wuce ƙanwata da ke karatu a jami'ar ATBU ta Bauchi ta kawo min laftof ɗinta, HP EliteBook na gwanjo da muka saya mata a kasuwar Wunti, tana ƙorafi wai duk sanda zata buga kalmar sirri sai ƴan ɗakinsu sun zuba mata ido har ɗaya ta haddace. Ina dubawa sai ga wajen dangwala yatsa a ƙasan kibod ta hannun dama, shekara guda tana aiki da kwamfutar bata taɓa sanin amfaninsa ba.

To kaima fara duba naka. A wasu ɗan murabba'i ne kusa da kibod, a wasu yana jikin maɓallin kunnawa, tsofaffin EliteBook da ThinkPad kuma ɗan siririn layi ne wanda ake jan yatsa a kai daga sama zuwa ƙasa, ba ɗorawa ake ba. In baka tabbata ba, ka buɗe Device Manager, wajen da Windows ke jera duk na'urorin da ke jikin kwamfuta, ka nemi Biometric devices. In babu, yawanci direba ce, wato manhajar da ke sa na'urar yatsan tayi aiki, bata hau ba, musamman in mai gyara ya sake sa maka Windows, sai ka haɗa intanet ka bar Windows Update ta ɗauko, ko ka shiga shafin kamfanin da lambar samfurin laftof ɗin.

Daga nan danna maɓallin Windows da harafin I tare don Settings ya buɗe, ka shiga Accounts sannan Sign-in options. Zaka ga Windows Hello, tsarin buɗe kwamfuta da yatsa ko fuska ko PIN, wanda ya zo tun Windows 10 a 2015, kuma a Windows 11 ma wajen ɗaya ne. Zaɓi na yatsa ka danna Set up. Dole sai kana da PIN, kuma anan ne nake so mutane su nutsu, don duk ranar da yatsa ya ƙi karantuwa PIN ɗin za'a tambaye ka, ma'ana wanda ya san shi baya buƙatar yatsanka kwata-kwata. Don Allah kar ka sa 1234 ko shekarar haihuwarka ko lambar katin ATM ɗinka, akwai ɗan akwati da zaka danna ya baka damar haɗa haruffa, kayi amfani da shi.

Sai ɗaukan yatsan. Wanke hannu ka goge ya bushe, ka ɗora ka ɗaga, ka ɗora ka ɗaga, kana ɗan juya shi gefe da gefe don ya kama har bakin-bakin, kamar dai yadda ake dangwale wajen yin NIN. Idan ka gama kar ka tsaya a ɗaya, ka ƙara wani yatsan na ɗaya hannun. Kun san hunturun Bauchi, fata ta bushe tayi kaushi ta tsage, ranar sai kaga ya ƙi buɗewa sau uku a jere, in kuma ka lafta basilin nan ma ba zai karanta ba sai ka goge yatsan da wajen dangwalawar da ƙyalle mai laushi. Ita ƙanwata yatsa uku na sa mata saboda wanki da yankan albasa.

Akwai masu tsoron wai za'a tura hoton yatsansu Amurka. Windows baya ajiye hoton, yana juya zanen zuwa wasu bayanai a kulle kuma a cikin kwamfutar taka suke zama. Abin da ya fi damuna ni daban ne, yatsa ƙofar shiga kawai yake tsarewa, ɓarawo in ya kwance hard disk ɗin, wato ma'ajiyar fayiloli, ya jona a wata kwamfutar zai ga fayilolinka tas in ba'a kulle su ba. Saboda haka ka duba BitLocker ko Device encryption, masu kulle fayilolin da ke cikin hard disk, ka kunna, zai baka lambar ceto mai lamba 48 da zaka buɗe da ita in ya kulle ka a waje, ka rubuta a takarda ka adana a gida, kar ka barta a cikin laftof ɗin.

Ranar da zaka sayar ko zaka baiwa wani kyauta, ka koma Sign-in options ka danna Remove a goge yatsun, sannan kayi Reset, wato ka goge komai ka mayar da Windows sabo, kafin ya bar hannunka.