Yadda Ake Shiga Kasuwannin Kwatano da Accra da Ƙananan Yara

Magidanci ko uwargida da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Obalende a Legas, idan suna son yaransu su fara ganin wata ƙasa, ba sai sun jira kuɗin jirgin Dubai ba, domin hanyar Badagry tana kai mutum iyakar Seme, daga nan ya shiga Kwatano, ya wuce Lome, ya ƙetare Aflao zuwa Accra. A ganina kasuwa ce wurin da yaro zai fi fahimtar ƙasar da ya je, amma fa sai an auna yawon da ƙarfin ƙaramin cikinsu.

Shiri yana farawa ne da takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin, Togo da Ghana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, sai dai kowane yaro, ko da jariri ne na goye, yana buƙatar fasfonsa na kansa. Ana kuma tambayar katin rigakafin zazzaɓin shawara a kan iyaka. Ana yi wa yaro allurar daga wata 9, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kada a bar wannan sai ana jibi tafiya. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko kuma kawu ko gwaggo, ta riƙe takardar amincewar mahaifinsu da kwafin takardun haihuwa, saboda jami'an shige da fice suna sa ido sosai a kan safarar yara, kuma gaskiyarsu ce.

A canji kuɗi tun daga gida ko wurin ɗan canjin da aka sani. Sefa ake kashewa a Benin da Togo, sidi a Ghana. A nemi ƙananan kuɗi, a raba su wuri biyu, don kada a riƙa buɗe jaka gaba ɗaya a gaban mai tumatir. Agogon Togo da Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, abin da ke shafar lokacin salla da na barcin yara.

Wanda ya saba da cunkoson kasuwannin Legas irin su Mile 12 ko Balogun yakan ɗauka babu kasuwar da za ta ruɗa shi, kuma a nan ne ake samun sakaci. Yaron da ya ɓace a Mile 12 zai iya faɗin sunan unguwarsu da Hausa ko Yarbanci a gane shi, amma a Dantokpa da ke bakin ruwan Kwatano Faransanci da harshen Fon ne suka fi yawa, a Makola ta Accra kuwa sai Twi da Ga da Turanci. Saboda haka kafin a fita masauki, a rubuta sunan yaro, sunan otal da lambar wayar da ke aiki a ƙasar, a sa a aljihunsa ko a maƙala a cikin rigarsa, sannan a ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa a ranar. Wanda ya kai shekara 4 a gaya masa a fili: «Idan ba ka ga Mama ko Baba ba, ka tsaya a inda kake, ka kama hannun matar da ke sayar da kaya a rumfa mafi kusa, kada ka bi kowa.» A maimaita masa har ya iya faɗa da bakinsa.

Keken tura jarirai ba shi da amfani a lungunan da masu baro da masu dako ke wucewa a guje. Goyo da zani da majanyi ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma yana bar wa uwa hannuwanta biyu. A shiga da sassafe kafin rana ta take, a zaɓi sashe ɗaya, misali na atamfa ko na 'ya'yan itace, a fito cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi. A Kwatano za a ga 'yan acaɓa masu rawayar riga, waɗanda ake kira zemijan, suna tsayawa a gaban mutum ko bai kira su ba. Kada a ɗora yara a kansu, a ɗauki tasi ko da ta fi tsada.

Batun abinci shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Abin da aka sauke daga wuta a gabanka yana tururi shi ne na yaro: ƙosai daga kasko, soyayyar ayaba, masara gasassa, koko mai zafi. Abin da aka yanka aka jera a faranti tun safe, da ganyen salak, da ƙanƙarar da ake jefawa a lemo, a bar su. Lemo, ayaba da abarba a saya da ɓawonsu a ɓare da kai. Ruwa kuwa na roba mai hatimi kawai, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci.

Musulmi yana da tambaya ta biyu, wato ta nama, domin ana sayar da naman alade a fili a biranen nan. Mafita mai sauƙi ita ce a nufi zango. A Accra, unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango cike suke da masu jin Hausa, kuma babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021 yana Kanda, kusa da Nima. A can uwargida za ta iya tsayawa gaban mai shinkafa da wake ta ce, «Hajiya, ina kwana? Ki zuba wa yaran nan ba yaji, ki sa musu ƙwai,» kuma a fahimce ta nan take. Wannan shinkafa da wake, da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, ita ce abincin safen da yawancin yara ke karɓa ba gardama, muddin an ajiye baƙin yajin nan da ake kira shito a gefe. Akwai tuwo da miyar ayoyo ga wanda ya yi kewar gida. A Kwatano kuwa a gwada wagashi, cukun Fulani da ake soyawa, mai laushi ne kuma ba shi da yaji. Sabon abu a ba yaro loma biyu da rana, kada a fara da shi da dare, domin idan bai karɓe shi ba a gani da wuri.

Duk da haka ciki yakan ɓaci. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis, da ƙwayar zinc, da maganin zazzaɓi na yara, da gidan sauro. Idan ƙullin ya ƙare, ana haɗa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Jini a bayan gida, amai da ba ya tsayawa, zazzaɓi, ko yaro ya daina fitsari, duk alamu ne na a tafi asibiti ba tare da jiran dawowa Legas ba.

A bar yaro ya yi ɗan cinikinsa. A ba shi tsaba ya gaishe da mai kaya, ya taya, ya ji an ce albarka, ya ƙara, a sallama masa, ya karɓi canji ya ƙirga. Kafin a ɗauki hoton kowa a nemi izini, domin 'yan kasuwa da yawa ba sa so. Wajen tsaraba kuma a taƙaita a kan atamfa, man kaɗanya, tsakiya da abin wasan yara. Shinkafar waje da daskararrun kaji an hana shigo da su ta kan iyakar ƙasa, kuma buhu ɗaya zai iya sa kwastam su tsayar da mota a Seme, yara suna ciki cikin zafin rana.