Darasi na 9: Gungunmu nan da shekara 20

Gungu shi ne tsibiri, wato tudun da ruwa ya kewaye. Daga nan sunan Gungawa ya fito, mutanen tsibiran Kogin Kwara a ƙasar Yawuri. Kakanninsu sun ga abin da ruwa ke iya yi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da yawa har da tsohon garin Busa, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Tambayar darasinmu ita ce: wanda ya rage a gungu yau, me zai tanada don jikansa ya iske wurin zama da abin ci?

A fara da sanin ruwa. Kwara a nan tana cika sau biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, mai laka, yana kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba da Oktoba. Baƙin ruwa kuwa daga duwatsun ƙasar Gini yake tasowa, ya yi wata da watanni a hanya, sai ya iso lokacin hunturu. Ku kafa turke a bakin gaɓa, duk shekara a yi masa tsaga a inda ruwa ya tsaya, a rubuta shekarar a littafi. Bayan shekara 5 turken nan zai faɗa muku inda za a gina rumbu da aji, da inda za a bar wa albasa. Wannan aikin kaɗai ya isa dalilin koyon rubutu.

Sai kifi, kuma a nan rigimar take. Kowane masunci ya san taru mai ƙananan ido yana kwaso 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun ba su kai tsawon yatsa ba. Kowa kuma yana cewa, "In ban kama ba, wani zai kama." Gaskiya ne. Shi ya sa shawarar mutum ɗaya ba ta aiki. Dole a zauna gaban Sarkin Ruwa, Gungawa da Sarkawa da baƙin masunta duka, a yanke girman idon koma, a ware wani lungu mai ciyawa inda kifi ke ƙwai a hana shiga, a faɗi tarar wanda ya karya doka. A gwada da hannu: komar da yatsu uku ba su shiga idonta ba, a daina aiki da ita. Kuma a rubuta, don maganar baki takan canza idan ɗan wani babba ne aka kama.

Banda tana cin itace, gaɓar da aka sare wa bishiya kuma ruwa yake zaizayewa. Duk gidan da ke banda ya dasa bishiya a bakin ruwa kowace damina, ya kare ta daga awaki.

Kada a manta da jirgi. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane sama da 100 suka salwanta. Gungun da ba shi da asibiti, jirgi ne motar asibitinsa. A yi asusun gari na gyaran inji da sayen rigunan kariya, ma'aji daban, mai riƙe littafi daban. A sa mata a ciki, tunda kuɗin banda ta hannunsu yake bi, kuma sun fi mu iya adashi.

Aikin aji: gungunku yana da gida 40. Kowane gida yana zuba naira 500 ranar kasuwa, sau ɗaya a mako. Nawa za a tara a mako 52? Zana gungunku a takarda, ka ja layi inda ruwan bara ya tsaya, ka ƙirga gidajen da ke ƙasan layin.